Maganin da Ya Gangaro Rijiyar Inna Fes

Inna Fes ba sunan yanka ba ne, bakinta ne ya jawo mata shi. Ko faranti ka ɗauraye a gabanta sai ta karɓa, ta shafa shi da yatsa, ta ce, "Wannan ne wankin? Mayar da shi, a wanke shi fes!" Tun ana faɗa a bayan idonta har aka koma faɗa a gabanta, ita kuwa ta amsa abinta. To wannan matar, wadda ƙuda ba ya samun wurin sauka a tsakar gidanta, ita aka wayi gari ana ce wa ruwan gidanta ba ya shawuwa, kuma 'yarta mai ciki ba za ta ci gaba da zama a hannunta ba. Ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana shara a wani babban siton magunguna da ke saman layinsu. Gida huɗu ne tsakaninsa da nata, ita tana gangare. Kafin ma'aikata su iso ta share, ta goge kantoci, ta kwashe ruwan da firij ya tsiyayar, ta jera kwalayen da masu lodi suka watsar. Ba ta yi boko ba. Amma rubutun jikin kowane kwali ta san shi kamar fuskar maƙwabci: wannan mai doguwar wutsiya na hawan jini ne, wancan da ya fara da ƙugiya na kashe ƙwayar cuta ne. Sabon ma'aikaci in ya rasa inda kaya suke, ita yake tambaya a ɓoye.

A irin wannan sito ba a rasa maganin da wa'adinsa ya wuce. Ƙa'ida ita ce a tattara shi a kai inda ake ƙonawa. Mai siton kuwa, wani mai tumbi da ƙamshin turare, ya ga wannan ɗawainiya ce. Duk ƙarshen wata sai ya nuna tulin kwalaye da makullin motarsa ya ce, "Inna, a san yadda za a yi da waɗannan." Iyakar umarnin ke nan fa. Wadda ta riga ta aikin, bola take kaiwa, ita ma ta kai sau biyu. A na uku ta iske ƙananan 'yan matan layin sun tsinci jajayen kafso suna wasan kasuwa da su, ɗaya ma ta riga ta jefa guda a baki. Ta zaro shi da yatsa, ta balbale su da faɗa, ta kwashe kwalayen ta koma da su a ka.

Ranar ta ƙirƙiro dabararta. Ta samo tsohon duro ta cika shi da ruwa a bayan sito. Sai ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana bin katin magani ɗaya bayan ɗaya, ta ɓallo kowace ƙwaya da babban yatsa ta jefa ciki. Na ruwa ta tuttule, ta ɗauraye kwalbar. Ta bar shi kwana biyu ya jiƙu, ta dama da sanda har ya zama wani ruwa toka-toka, sannan ta juye a ramin da ta sa aka haƙa mata a gindin katanga, ta rufe da kwanon rufi. Yaro bai tsinta ba, akuya ba ta ci ba, ɗan shaye-shaye bai samu na kurɓa ba. Faratan manyan yatsunta biyu suka tsage, suka daina fitowa daidai. In masu duba sito suka zo, mai sito sai ya kira ta ya ce, "Ga uwarmu nan. Ku je ku tona bolar layin nan, in kun ga ƙwayarmu ko ɗaya ku rufe mu." Ita kuwa ta sunkuyar da kai, daɗi har cikin ƙashinta.

A tsakar gidanta akwai rijiya. Marigayi mijinta, direban babbar mota, shi ya sa aka haƙa ta, saboda famfon layin sai ya ga dama yake kawo ruwa. Ruwan garai-garai, ga sanyi. Duk da haka Inna ba ta yarda a sha shi haka nan ba, sai ta tafasa, ta tace da farin ƙyalle, ta zuba a randa mai murfi. Rabin layin a nan suke ɗiba. Sharaɗinta ɗaya ne, kada guga ya taɓa ƙasa.

'Yarta ta ƙarshe, Auta, shekara tara da aure ba ta riƙe ɗa ba. Ciki biyu sun zube, ɗaya a wata uku, ɗaya a wata biyar. Da aka samu na uku likita ya ce ta kwanta, ko tsintsiya kada ta ɗaga. Mijinta yana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin lemon kwalba, in ya fita da safe sai yamma, don haka ya kawo ta wurin uwarta. Inna ta gyara ɗakin tsakiya, ta wanke labule, ta juya katifa. "Wannan karon a hannuna za a sauka, in Allah ya yarda," in ji ta. Duk duniya abin da take so ke nan.

Surukin nata irin mutanen nan ne da aikinsu ke bin su gida. Sati biyu da zuwan Auta ya cika wata 'yar kwalba daga randar, wai zai kai a gwada. Inna ta yi dariya ta ce, "Kai, ɗan nan. In ka ga datti ka kawo mini shi mu gaisa." Bayan kwana goma ya dawo da takarda, ya durƙusa a bakin ƙofar kicin.

"Inna, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Babu ƙwayar cuta a ruwan, ko ɗaya. Amma akwai ɓurɓushin magungunan asibiti."

"A ruwan da na tafasa da hannuna?"

"Tafasawa abu mai rai take kashewa, Inna. Wannan ba rai gare shi ba. Ruwan ne ma yake tashi a tururi ya bar shi a tukunya. Ƙyalle kuma ba ya riƙe abin da ya riga ya narke."

"To ai ni ban taɓa jin ɗaci ba."

"Kaɗan ne, harshe ba ya ji. Amma kala shida ne. Biyu daga ciki sun yi yawan da mai gwajin ya kira ni yana tambaya ko kusa da asibiti muke."

Ranta ya ɓaci ba kaɗan ba. Yaron da ta ba 'ya, yau shi zai koya mata ruwa? Ta fizge takardar don ta jefa masa abarsa, sai idonta ya faɗa kan rubutun. Ga mai doguwar wutsiya. Ga mai ƙugiya a ƙasansa. Duk shidan ta san su, ta sha ɓallo su daga kati. Ta zauna daɓas a kan bokitin da ke kife. Ruwa ba ya tsami banza. Rami a sama, rijiya a gangare, damina ashirin da biyu tana sauka a kai.

"Ni ce," ta ce. Ta kwashe labarin duro da rami ta faɗa masa. Sannan ta rage murya don kada Auta ta ji daga ɗaki. "Da ruwan nan ta girma. Cikin nan biyu da suka zube fa?"

"Na tambayi likita, Inna. Ya ce ba wanda zai iya ce muku shi ne, ba kuma wanda zai iya ce muku ba shi ba ne."

Da ma ya ce mata e, da ta san abin da za ta yi wa kuka. Da ya ce a'a, da ta samu numfashi. Sai aka bar ta a tsakiya, kuma a nan take har yau.

Washegari ba ta ɗauki tsintsiya ba, kai tsaye ta shiga ofishin mai sito ta ajiye masa takardar.

"Ranka ya daɗe, ramin bayan nan ya shiga rijiyata."

Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge shi a hankali. "Wane rami?"

"Wane rami? Ramin da kake kauce wa kullum in za ka ajiye mota!"

"Inna, ni na taɓa ce miki ki haƙa rami? Cewa na yi a san yadda za a yi." Ya janyo wani fayil ya buɗe. "Mu a takardunmu duk kayan nan an kai an ƙone. Ga sa hannu, ga hatimi. In maganar nan ta fita, hannun wa za a ce ya zuba? Shawara nake ba ki a matsayinki na uwa."

"Uwa? Allah ya raba ni da haihuwar irinka! Shekara ashirin da biyu kana nuna ni ga baƙi kamar sabon firij. Ka san ba a ƙone ba, ka sa hannu an ƙone. Ni jahila ce, na yarda, ban san ƙasa tana shan abu ta kai wa rijiya ba. Kai fa? Kai da takardar karatunka ke rataye a bangon nan, ina goge mata ƙura kowace safiya, kai ma ba ka sani ba?"

Sai ya leƙa taga ya kira maigadi. Ba ta jira an fitar da ita ba. Ta kwance makullin bayan sito daga bakin zaninta ta dangwara masa a kan fayil ɗin, ta fita. Tir da hali irin wannan! Mutum ya ci moriyar ganga ya yar da kwaurenta, kuma ko kunya babu a idonsa.

Daga nan gida-gida ta bi a layin, tana faɗa da bakinta cewa kada wanda ya ƙara shan ruwan rijiyarta, kuma ga dalili. Wasu suka yi mata jaje. Wasu kuwa, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna sha kyauta, suka ce ai da ma sun daɗe suna jin wani abu-abu a ruwan. Ƙarya suke yi, ba abin da suka ji. Surukin ya kai takardar gaban hukuma, aka zo da mota, aka ɗaga kwanon aka leƙa ramin, aka yi rubuce-rubuce, aka ce za a dawo. Har yau ana dawowa.

Saura maganar Auta. Mijinta ya jibge mata ruwan kwalba, amma ya ce wannan ba zama ba ne, ga girki, ga shayi, ga wanke baki, famfo kuma sai ya yi sati bai ɗiga ba. Ko dai a sa abin tace ruwa na gaske, a gwada a ga ya riƙe, ko ya mayar da Auta gidan yayarsa a can ɗaya gefen gari. Inna ta ji kamar an mare ta. Tana raye, da ƙafarta da hannunta, wata ce za ta yi jinyar 'yarta?

Aka kira mai gyaran famfon layin, wani gajere mai surutun tsiya da ake ce wa Sifana. Ya ɗora tankin da za a riƙa cikawa daga rijiyar, ya ja bututu zuwa kicin, ya kafa wasu gwangwanaye uku a bango, bakinsa bai huta ba. "Na farkon nan, Inna, yashi da laka yake tarewa. Na biyu gawayi ne, amma ba na girki ba, an gasa shi har ya yi ƙofofin da ido ba ya gani, magani in ya zo wucewa sai ya maƙale. Na uku wata fata ce a naɗe, ruwa kaɗai ke ratsa ta, shi ma da ƙyar. Kada a taɓa mini su, in lokaci ya yi zan zo in canza." Daga haka ya zarce labarin wani da ya gyara wa banɗaki, ya manta ƙaramin abin kwance gwangwanayen a kan taga.

Ruwan yana zuwa a hankali, ɗis-ɗis, sai ka yi haƙuri kafin tulu ya cika. Aka kai gwaji. Bayan kwana goma surukin ya shigo yana murmushi, ya ce kusan babu komai. Inna ta yi hamdala har da hawaye. Auta ta zauna, ciki ya shiga wata na bakwai, yana motsi lafiya lau.

To gwangwanin farko garai yake, ana ganin cikinsa. Kullum Inna ta shiga kicin sai ta ga farin abin nan yana komawa ruwan ƙasa. Ya tsaya mata a rai. Ta cikin wannan dauɗa ne ruwan 'yarta ke bi? Sifana ya ce kada a taɓa, ƙwarai, amma ita ta san masu gyara, gobensu ba ta zuwa. Kuma tun da uwarta ta haife ta, abin da ya yi datti wanke shi ake yi. Wata safiya ta ɗauko abin kwancewar nan, ta sauke duka ukun. Ta jiƙa su a ruwan garin sabulu, ta bi su da buroshi lungu-lungu, ta ɗauraye sau uku, ta shanya a rana, ta mayar. Da ta buɗe famfon sai ga ruwa shaa, ya fi da gudu nesa ba kusa ba. Ta ce, "Ka gani ko! Da ma toshewa ya yi." Daga ranar duk sati sai ta yi, ba ta faɗa wa kowa ba, don wa ke shelar ya yi wanke-wanke?

Surukin ya sake kai gwaji, don haka tsarinsa yake. Wannan karon bai zo shi kaɗai ba, da Sifana ya zo, kuma ba murmushi. Magungunan sun dawo, har da sabulu a kai. Sifana ya kwance na biyu ya kai hanci, sai ya ɗora hannu a ka.

"Inna! Wa ya wanke wannan?"

"Ni. Da ka bar shi da dauɗa sai in zuba masa ido?"

"Wayyo Allah. Inna, kin kashe shi. Gawayin nan ba a wanke shi, in ya ƙoshi cire shi ake yi a sa sabo. Kin cika masa ciki da sabulu, ina magani zai samu wurin zama?" Ya zaro na uku ya ɗaga. "Fatar kuma ga ta nan, buroshi ya yage ta. Shi ya sa ruwan ke gudu, wucewa kawai yake yi. Tun yaushe?"

"Sati biyar."

Sati biyar Auta na sha, safe da rana, daga hannunta.

"Ai na ce kada a taɓa," in ji Sifana a hankali.

Nan fa ta fashe. "Ka ce kada a taɓa! Ka ce don me? Ka tsaya nan ka ba ni labarin banɗakin wani, amma ba ka iya ce mini sabulu na kashe shi ba? Haka kuke dukanku! Wancan ya ce a san yadda za a yi, kai ka ce kada a taɓa. A yi, kada a yi, kamar ana magana da jaki. Ba mai zama ya ce, Inna ga dalili. Ni ba ni da kai ne? Da an faɗa mini sau ɗaya, sau ɗaya tak, wallahi da na yanke hannun nan da in taɓa shi!"

Gaskiyarta ne kuwa. Matar da ta haddace rubutun kwali ɗari ba tare da malami ba, bayani biyu ne zai gagare ta? Sai dai gaskiya ba ta mayar da ruwan da aka riga aka sha.

Sifana ya fita da sauri ya dawo da sababbi a leda, ya ɗaura nan take, yana rantsuwa cewa yanzu kam ko jariri ya sha. Surukin ya ce ya ji, amma sai an gwada, kuma gwaji kwana goma ne, shi kuwa ba shi da sauran kwana goman da zai ba kowa. Ya durƙusa, bai ɗaga ido ba. "Inna, ku gafarce ni. Gobe da safe zan zo da mota."

Auta ta fito tana dafa bango. "Ni ba inda za ni. Ai ba da gangan ta yi ba. Inna, ki yi magana mana!"

Inna ta juya. Ta shiga ɗakin tsakiya ta fara ninke kaya.

Da hantsi motar ta zo. Aka loda akwati da katan-katan na ruwan kwalba a but ɗin motar, aka rufe. Auta ta fito a hankali, ƙafa a kumbure, ido ya yi ja. Rana ta riga ta yi zafi. Da ta zauna a gidan baya, kafin a ja ƙofa, ta ce yadda ta saba faɗa tun tana yarinya, ba tare da ta yi tunani ba, "Inna, ɗan ba ni ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Inna ta juya da sauri ta shiga kicin. Ta tara kofi a sabon famfon, yana zuwa ɗis-ɗis yadda ya kamata, ta jira har ya cika. Ruwa garai-garai. Ta fito da shi a hannu biyu. Surukin ya gani, ya buɗe baki, kunya ta hana shi, ya sunkuyar da kai. Auta ta miƙo hannu, yatsunta har sun taɓa kofin.

Sau biyu Inna tana da tabbas irin wannan, sau biyu kuma ga inda ya kai ta. Ta janye kofin.

"Inna?"

"Ɗan nan," ta ce wa surukin, "buɗe but ka ba ta na kwalba."

"Inna, naki nake so."

"Na ce ba za ki sha ba!"

Ta watsar da ruwan a gindin katanga. Auta ta fashe da kuka. Mijinta ya zagaya ya buɗe but, ya ɓalle murfin kwalba ya miƙa mata, ya shiga ya tayar da mota. Inna ta tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana, ba ta ɗaga hannu ba.